Hoton gine-gine daga titi da kyamara mai faɗin gani: yadda yake aiki da amfaninsa ga Suki da garuruwan Hausawan Sudan

Hoton gine-gine daga titi shi ne mutum ya tsaya a kan hanya, ko a bakin kasuwa, ko a cikin lungu, ya ɗauki gini tare da abin da ke kewaye da shi: ƙofar gida, katangar maƙwabci, itacen da ke gefe, da masu wucewa. Idan hanya ta matse har babu filin ja da baya, sai a nemi idon kyamara mai faɗin gani, wanda ake kira grand-angle da Faransanci. A yawancin wayoyin zamani shi ne wanda ke buɗewa idan aka taɓa alamar 0.5 ko 0.6.

An fi sanin irin wannan hoto da manyan birane masu dogayen benaye, amma amfaninsa ya fi yawa a garuruwan da ba kasafai ake ɗaukar hotonsu ba. Hoto na kusa yana nuna ƙofa ko zanen bango kawai. Hoto mai faɗi yana nuna inda ginin yake, da wanda ke maƙwabtaka da shi, da yadda unguwa take a ranar da aka ɗauka. Ga al'ummar da yaƙi ko ambaliya ko ƙaura suka taɓa, wannan shaida ce mai daraja, muddin an ɗauke ta daidai an kuma adana ta.

Suki da maƙwabtanta

Suki gari ne a jihar Sinnar ta Sudan, a gabar gabas ta kogin Shuɗin Nilu, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ. Layin dogo da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1920 tsakanin Sinnar da Gadarif da Kasala ya ratsa ta cikinsa, kuma a da daga nan ne jiragen ruwa ke tashi zuwa Rusairis a lokacin da kogi ya cika. A farkon shekarun 1970 aka buɗe babbar gonar rani ta Suki, wadda ake shayarwa da injinan jan ruwa daga kogin, ana noman auduga da gyaɗa.

Hausawa da Fulani sun daɗe a wannan yanki. Wasu alhazai ne da suka tsaya neman guzuri a hanyar Makka suka zauna. Wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, ya kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar wajen shekarar 1906. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonar Jazira, aikin auduga ya ƙara jawo mutanen yamma, ƙauyukansu suka bazu a gaɓar kogin.

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa yankin tsanani. A Yuli da Oktoban 2022 rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, a kewayen Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu, Hausawa da yawa a cikinsu. Sai kuma yaƙin da ya fara a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, Suki a watan Yuli. Soja suka karɓe Suki a Oktoban 2024, Sinja a Nuwamba, Wad Madani a Janairun 2025. Wanda ya koma gida bayan irin wannan, abu na farko da yake nema shi ne abin da zai nuna yadda wurin yake kafin ya bar shi.

Mene ne ido mai faɗin gani?

Ana auna idon kyamara da milimita. Idan lambar ta yi ƙasa, idon yana kwasar fili mai yawa. Idan ta yi sama, yana jawo abu na nesa amma yana rage fili. Ana kwatanta lambobin ne da tsohon fim mai faɗin milimita 36 da tsayin 24, ko da kyamarar ta waya ce.

Ido mai milimita 50 shi ake ɗauka a matsayin na tsaka-tsaki, yana ganin kusan digiri 47 daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai 35 yana ganin digiri 63, mai 28 digiri 75, mai 24 kuma digiri 84. Daga 35 zuwa ƙasa ake cewa mai faɗin gani. Abin da ya gaza 24 ana kiransa mai faɗi ƙwarai. Babbar kyamarar waya, wato alamar 1, yawanci tana tsakanin milimita 24 da 26, ke nan ita ma mai faɗin gani ce. Alamar 0.5 kuwa a wayoyi da dama tana daidai da milimita 13, tana kwasar kusan digiri 120.

Ga misalin da zai fayyace lissafin. A ce lungu yana da faɗin mita 4, mai hoto ya jingina bayansa da katanga yana fuskantar gidan da ke tsallake. Da ido mai milimita 50 ba zai sami ko mita 3 na bangon ba. Da mai 24 zai sami mita 6. Da mai 13 zai sami kusan mita 11, wato zaure da katanga da wani yanki na gidan maƙwabci. Wata fa'idar kuma ita ce abin da ke kusa da na nesa duk suna fitowa tar, ba ya dusashe bayan hoto kamar yadda ido mai jawo nesa ke yi.

Inda yake yaudara

Faɗin nan yana zuwa da matsaloli uku da ya kamata mai hoto ya sani.

Na farko, karkatar bango. Da zarar an ɗaga bakin kyamara sama don a sami kan hasumiya ko zankwayen soro, sai bangaye su riƙa matsowa juna ta sama, ginin ya zama kamar zai kife ta baya. Dalili shi ne ƙasan ginin ya fi kusa da kyamara fiye da samansa. Maganinsa a riƙe wayar a tsaye cak, daidai da yadda bangon yake tsaye. Idan saman ginin bai shiga ba, a ja da baya, ko a juya wayar a tsaye maimakon a kwance, ko a hau dakali ko bayan mota. Ƙasar da ta yi yawa a gindin hoton ana iya yanke ta daga baya. Kunna layukan raga da ke cikin saitin kyamara yana taimakawa wajen daidaita su da gefen bango. Ƙwararru suna amfani da wani ido na musamman da ake zamar da shi sama ba tare da an karkata kyamara ba. Kamfanin Nikon ya fitar da irinsa na ƙananan kyamarori a farkon shekarun 1960, Canon ya biyo baya a 1973. Mai waya kuwa zai iya gyara ƙaramar karkata da manhajoji irin su Snapseed ko Lightroom.

Na biyu, jan gefe. Duk abin da ya faɗa bakin hoto yana miƙewa: tulu ya zama dogo, kan mutum ya yi faɗi. Saboda haka a sa babban abin da ake nufi a tsakiya, kada a bar fuskar mutum a kusurwa.

Na uku, zuzuta tazara. Abin da ke kusa yana ƙara girma, na nesa yana ƙanƙancewa, sai ƙaramin fili ya zama kamar dandali, ɗaki ɗaya ya zama kamar babban zaure. Masu tallan gidaje suna son wannan, amma wanda ke son hoton ya zama shaida dole ya yi hattara. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar wani abu da kowa ya san girmansa a jikin bangon, kamar keke ko mutum a tsaye ko sanda mai mita ɗaya. Haka kuma tsarin da ake zagaya waya a hankali don haɗa dogon hoto yana lanƙwasa miƙaƙƙen bango, don haka bai dace da adana kamannin gini ba.

A ƙa'ida, a fara da alamar 1. Sai wuri ya ƙure ake komawa 0.5, musamman da yake a wayoyi da yawa wannan kyamarar ta fi rauni idan haske ya ragu.

Haske, ƙura da lokaci

Suki tana kusan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kusan daidai da Maraɗi da Sakkwato. Don haka abin da mai hoto ya sani game da rana a can yana aiki a nan. Tsakar rana ba lokacin hoton gini ba ne: haske yana saukowa daga sama, bango ya yi fari fat, ƙarƙashin rumfa ya yi baƙi ƙirin. Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da shafen bango da zanensa da layin tubali.

Rana tana bi ta tsakar kai sau biyu a shekara a wannan yanki, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta tana karkata arewa, a sauran watanni kuma kudu. Ke nan bangon da ke fuskantar kudu ya fi samun haske a lokacin sanyi. Masu ɗaukar masallatai su lura cewa alƙiblar Suki arewa maso gabas take, don haka bangon alƙibla da safe yake samun haske.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Hazon hunturu a ƙasar Hausa da guguwar ƙasa da mutanen Sudan ke kira habub suna dusashe launi, suna kuma manne wa gilashin kyamara. A goge shi da ƙyalle mai laushi kafin kowane hoto. Tunda ido mai faɗi yana kwasar sararin sama da yawa, rana takan shigo ta gefe ta ɓata hoto. A tsaya a inuwa, ko a kare ta da tafin hannu ba tare da yatsa ya shiga hoton ba.

Daga Paris zuwa Khartum

Ɗaukar titi da gine-ginensa ya girma tare da sana'ar hoto kanta. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki titin Boulevard du Temple na Paris daga taga. Da yake ɗaukar ta ci mintoci, kekunan doki da masu tafiya duk ba su fito ba, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. A shekarun 1860 hukumar birnin ta sa Charles Marville ya ɗauki tsofaffin lunguna kafin a rushe su don buɗe manyan titunan da Haussmann ya tsara. Eugène Atget, wanda ya rasu a 1927, ya shafe kusan shekara 30 yana yawo da kyamara mai ƙafa uku yana ɗaukar ƙofofi da shaguna da lungunan Paris. Ba'amurkiya Berenice Abbott ce ta ceci dubban hotunansa bayan rasuwarsa, ita ma ta yi irin wannan aiki a New York daga 1935 zuwa 1939.

Sudan tana da nata gwanayen. Rashid Mahdi ya yi aiki a Atbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa. Gadalla Gubara ya ɗauki Khartum a hoto da fim, kuma an rushe ɗakin aikinsa, Studio Gad, a 2008, shekarar da ya rasu. A wannan zamani Ala Kheir ya yi jerin hotuna na tsohuwar tsakiyar Khartum. Darajar irin waɗannan ayyuka ta ƙaru bayan 2023. Dogon benen kamfanin man fetur na Greater Nile, wanda yake cikin gine-ginen da aka fi sanin Khartum da su, ya kama da wuta a Satumbar wannan shekara. Tsofaffin hotunan ƙasar kuma suna nan a taskar Sudan ta jami'ar Durham a Ingila, wadda aka kafa a 1957, da kuma shafin intanet na Sudan Memory.

Abin da ya rage idan gini ya tafi

Sawakin, tashar da alhazan Afirka ta Yamma suka riƙa tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, ta fara mutuwa bayan an buɗe Port Sudan a farkon ƙarni na 20. Gidajenta na dutsen teku sun zube ɗaya bayan ɗaya. Yau kamanninsu sun rage ne a tsofaffin hotuna da kuma zane-zanen da Jean-Pierre Greenlaw ya auna ya yi, waɗanda aka buga a littafi a 1976.

A Timbuktu, masu ɗauke da makamai sun rusa hubbarorin waliyyai a 2012. Magina na garin ne suka sake gina 14 daga cikinsu tare da tallafin UNESCO, aka kammala a 2015, kuma tsofaffin hotuna suna cikin abin da aka dogara da shi. A 2016 kotun manyan laifuka ta duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 saboda wannan rusau, hotuna da bidiyo na wuraren suna cikin hujjoji.

Ruwan sama da tsufa ma suna nasu. A Agustan 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata. A farkon Satumbar 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube bayan mamakon ruwa. Waɗannan sanannun gine-gine ne da aka sha ɗauka. Masallacin unguwa da makarantar allo da rumfunan kasuwar ƙauye kuwa, sau da yawa babu mai ɗaukarsu sai mutanen wurin.

Me za a ɗauka a gari irin Suki?

Gine-ginen garuruwan bakin Shuɗin Nilu iri-iri ne. Akwai ginin laka da ake ɗorawa hawa-hawa, wanda ake kira jalus. Akwai jan bulo da ake gasawa a bakin kogi, da bukkar ciyawa mai tsinin kai, da rumfar shan inuwa da ake kira rakuba, da gidan da aka kewaye da katanga, wato hosh. Ƙasar yankin baƙar laka ce mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, abin da ke sa bango saurin tsagewa. Shi ya sa yana da kyau a maimaita hoton gini ɗaya daga wuri ɗaya kafin damina da bayanta.

Kowane gini yana buƙatar aƙalla hoto huɗu. Na farko mai faɗi daga nesa, wanda ya haɗa titin da maƙwabta biyu. Na biyu daga gaba sosai, wayar a tsaye. Na uku daga kusurwa, inda bango biyu za su fito tare. Na huɗu na kusa: ƙofa, rubutu, lambar gida, indararo, ko tsaga. Idan titi guda ake son adanawa, a bi shi daga farko zuwa ƙarshe ana tsayawa bayan ƴan taku, kowane hoto ya maimaita kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi, sannan a dawo ta ɗaya gefen.

A fara da wuraren jama'a: masallatai, makarantun allo da na boko, kasuwa, mashigar kogi, maƙabarta, rijiyoyi, da tsofaffin itatuwan da ake kwatance da su. Hoto ba takardar mallakar fili ba ne, kuma ba ya maye gurbinta. Amma yana ƙarfafa maganar shaidu, yana taimaka wa magini da mai ƙiyasta asara, yana kuma nuna wa ɗan da aka haifa a Kano ko Yamai ko Jidda ƙofar gidan kakansa.

Izini, mutunci da tsaro

Ido mai faɗi yana kwaso abin da mai hoto bai nufa ba: matar da ta leƙo daga ƙofa, cikin gida ta saman gajeriyar katanga, ko shingen jami'an tsaro a ƙarshen titi. A duba kusurwoyi huɗu na hoton kafin a danna. A gai da dattawan da ke zaune a ƙofar gida, a faɗi abin da ake yi da dalilinsa, a nemi izinin mai gida, da na liman idan masallaci ne, da na mai unguwa idan titi guda za a bi. Wanda ya ce kada a ɗauke shi, a bar shi. Cikin gida da mata da yara ƙanana ba a ɗaukarsu sai da yardar masu gidan.

A Sudan an daɗe da hana ɗaukar barikin soja, gadoji, filayen jirgin sama, madatsun ruwa da makamantansu, kuma a lokacin yaƙi ana binciken wayoyi a shingayen hanya. Irin wannan hani yana nan a ƙasashen Sahel da dama. Babu hoton da ya kai ran mutum. Haka nan a gine-ginen da aka yi faɗa a cikinsu ana iya samun harsashi ko bam da bai fashe ba, don haka a tsaya daga titi, kada a shiga kango. Kafin a sa hoto a Facebook, a yi tunani ko zai nuna wa ɓarawo gidan da babu kowa, ko ya jefa wani cikin haɗari.

Yadda ake adanawa

Hoton da ba a san wurinsa da ranarsa ba, rabin amfaninsa ya tafi. Waya tana rubuta rana da lokaci a cikin fayil ɗin hoto, har da wurin idan an kunna wannan saiti. Amma idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, ana rage girmansa kuma waɗannan bayanai suna gogewa. A tura shi a matsayin fayil, shi ne zai isa yadda yake.

A riƙe asalin hoton ba tare da gyara ba, a yi gyaran a kan kwafi. A rubuta sunan gari da unguwa da sunan da mutane ke kiran ginin, da Hausa da Larabci, tare da ranar ɗauka da ɓangaren da aka fuskanta. Idan akwai dattijon da ya san wanda ya gina wurin da lokacin da aka gina shi, a naɗi muryarsa a ajiye tare da hoton. A ƙarshe a raba kwafi gida uku: ɗaya a waya, ɗaya a katin ajiya ko kwamfuta, ɗaya kuma wajen ɗan'uwa da ke wata ƙasa. Zumuncin da ya haɗa Suki da Mai Wurno da Kano da Damagaram da Makka ya isa ya zama taskar da wuta ko ruwa ba za su cinye ta a rana ɗaya ba.